Amsoshin tambayoyinku: "Ina son bidiyona ya fito kamar fim ɗin silima, me zan saya?"

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, kyamara da lensi da yadda hoto zai fito irin na silima, don haka na haɗa su wuri guda. Waɗanda suka maimaita juna na ɗauki ɗaya na bar sauran, kowa ya duba zai ga tasa a ciki.

Tambaya: Malam a taƙaice wace kyamara ce ta fi kowacce a duniya? Ita nake son in saya.

Amsa: Haba ɗan'uwa. Ba ka faɗa min me kake ɗauka ba, kai kaɗai kake aiki ko kana da mai riƙe maka fokas, kwamfutarka za ta iya jan fayil ɗin ko ba za ta iya ba, sai kawai "wacce ta fi". In suna kake so, manyan finafinai da yawa da Arri Alexa ake ɗaukarsu, kuma masu aiki da ita galibi hayarta suke yi ba saye ba, sannan sai da mutum biyu ko uku a kanta. Ka sake turo tambayar da bayanin aikinka sai mu yi magana.

Tambaya: Na sayi kyamara mai kyau amma duk abin da na ɗauka sai ya fito kamar labaran talabijin, motsin ya cika santsi, da rana kuma in mutum ya ɗaga hannu sai ka ga yana tsinkewa. Ko kyamarar ce ba ta da kyau?

Amsa: Kyamararka lafiyarta ƙalau, saitin ne. Ka duba firem nawa take ɗauka a sakan guda, da wuya in ba 50 ko 60 za ka tarar ba. Silima tun ƙarshen shekarun 1920 da aka fara saka sauti a fim take tafiya a kan 24, idon mutane ya saba da wannan motsin har in sun gan shi suke cewa fim ne. To ka mayar da ita 24, ko 25 idan wutar lantarkin ƙasarku mai 50Hz ce don kada fitilu su riƙa ƙyafta maka a hoto. Sai shota, tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga a kowane firem, ƙa'idarta ninki biyu na firem, wato 1/48 ko 1/50 na sakan, shi masu sana'ar ke kira digiri 180. Tsinkewar nan da kake gani da rana daga nan take, rana ta yi ƙarfi sai kyamarar ta ɗaga shota zuwa 1/1000 ko fiye don ta rage haske, sai kowane firem ya fito a daskare babu ɗan dishi-dishin nan da ke haɗa motsi da motsi. Maganinsa filtar ND, baƙin gilashi ne da ake ɗaurawa a bakin lensi ya rage haske shota ta zauna inda take. Amma ka kula da masu juyawar nan na araha, in ka murɗa su zuwa ƙarshe sai wani baƙin X ya fito maka a hoto, wasu kuma su mayar da fatar mutum kore-kore. Ma'aunin fari, wato saitin da ke daidaita kala da irin hasken wuri, shi ma ka cire shi daga oto ka saita da hannu, 5600K na hasken rana, 3200K na kwan fitila mai ja-ja-jan nan, in ba haka ba kala na canzawa mutum yana tsakiyar magana.

Tambaya: Yaya don Allah ka taimaka min. Na daɗe ina tara kuɗi don in fara ɗaukar gajerun finafinai, yanzu sun kai in sayi Blackmagic Pocket 4K ko Sony FX30, amma in na saya babu abin da zai rage. Ko barci ba na iya yi don tsoron kada in yi kuskure, ni kaɗai nake aiki.

Amsa: Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, tsoron nan da kike ji ba aibu ba ne, wanda ya san wahalar tara kuɗi dole ya ji shi. Duka biyun kyamarori ne na ƙwarai. Pocket 4K ta fito tun 2018, kalarta mai daɗi ce, tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto da ake gyarawa daga baya, kuma sabuwa tana zuwa da lasisin manhajar editin DaVinci Resolve Studio, sai dai ba ta bin fuska da fokas, ba ta da abin hana girgiza a jikinta, allonta ba ya juyawa, ƙaramin batirinta kuma da ƙyar ya kai awa guda. FX30 ta 2022 ce, fokas ɗinta na bin ido, tana rage girgiza, tana ɗaukar 10-bit, wato hoto mai matakan kala da yawa da ke jure gyara. Tunda ke kaɗai ce, ke ce darakta ke ce mai kyamara, FX30 za ta fi sauƙaƙa miki.

Amma maganar da ta fi damuna a wasiƙarki ita ce "babu abin da zai rage". A nan zan tsaya, don wallahi wannan abin yana ci min rai kuma ba ke kaɗai ba ce. Mutum zai kwashe duk abin da ya mallaka ya zuba a jikin kyamara, ya dawo gida da kwali mai kyau, sai washegari ya tuna ashe babu lensi, babu memori, babu batir na biyu, babu makirufo, babu fitila ko ɗaya, babu ƙafar da zai ɗora ta. To daga nan ake fara yi wa kai illa, don kuɗi sun ƙare sai a bi araha, kuma araha ba ta ado. Abin da ya fi kowanne cutarwa a cikin arahar nan shi ne jabun memori. Za ki gan shi da sitika mai sheƙi da sunan babban kamfani, an rubuta 256GB, ki saka a kyamara ita ma ta nuna miki 256GB, alhali ainihin abin da ke cikinsa bai wuce 16 ko 32 ba, an dai shirya ƙwaƙwalwarsa ne ta riƙa faɗin ƙarya. Ranar farko lafiya lau don ba ki cika shi ba. Ranar da kika tara mutane, kika roƙi aron wuri, kika yini a tsaye ana maimaita fitowa ɗaya har ta yi kyau, ranar ce zai wuce ainihin girmansa ya fara rubutu a kan abin da ya riga ya ɗauka ko ya zubar da shi gaba ɗaya, ki dawo da dare ki ga sunayen fayil duk suna nan a jere amma ko ɗaya ba ya buɗewa. Babu wani gwanin kwamfuta da zai dawo miki da abin da ba a taɓa ajiyewa ba. Ki yi tunanin kiran mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ki ce musu a sake.

Don haka duk memorin da kika saya, ko a ina ne, ko mai shagon ya rantse, kada ki fita aiki da shi sai kin gwada. Akwai ƙaramar manhaja kyauta H2testw a Windows, ko F3 a Mac da Linux, tana cika katin dam sannan ta karanta ta gaya miki gaskiyar girmansa da gudunsa. Tana ɗaukar lokaci, ki bar ta ta yi. Ki kuma kalli alamar V da ke jikinsa: V30, V60, V90, ma'ana megabait 30 ko 60 ko 90 a sakan shi ne mafi ƙarancin gudun rubutunsa. Babbar lambar nan da ake rubutawa a gaba yawanci gudun karatu ce, ba ita ke da amfani wajen ɗauka ba. Lissafin mai sauƙi ne, abin da kyamara ta ce tana rubutawa a Mbps (megabit a sakan) ki raba shi da 8 ya koma megabait, misali 400Mbps ya zama 50, kin ga V30 ba zai ɗauka ba, ɗauka za ta riƙa tsayawa da kanta. Batir ma haka, jabun yana nuna miki saura rabi sai kawai kyamara ta mutu, kuma in ta mutu ana cikin ɗauka sau da yawa fayil ɗin ba ya rufuwa sai ya lalace. Wanda kika ga ya fara kumbura yana wahalar fita daga kyamara ki rabu da shi a ranar, kada ki ce bari in ƙara amfani da shi sau ɗaya.

Shawarata gare ki, in sabuwar za ta cinye komai to ki sauko ki sayi ta hannu mai lafiya, ko wadda ba ta kai su ba, irin Panasonic GH5 ta 2017 da har yanzu tana ba da 10-bit, ki bar wajen rabin kuɗin na sauran kaya. In za ki sayi ta hannu ki je da memorinki, ki rufe bakin lensi ki ɗaga ISO, wato saitin ƙara wa hoto haske, ki ɗauka ki duba ko akwai ɗigon ja ko fari da ba ya motsi, ki ɗauki farin bango a f/16, wato ki tsuke ƙofar lensi sosai, ki ga ko sensa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ta karce, ki jijjiga wayar HDMI a raminta, ki bar ta tana ɗauka na tsawon lokaci ki ga ko za ta yi zafi ta kashe kanta. Mai sayarwar da ya hana ki gwaji ki tafi ki bar masa kayansa. Kuma ki sani abin da ke sa hoto ya zama na fim mafi yawansa a haske yake: ki kashe kwan da ke saman ɗaki, ki kawo fitila ɗaya daga gefen fuska ki tare ta da farin ƙyalle don ta yi laushi, ki bar ɗaya gefen da inuwa, ki janye mutum daga jikin bango, ki saka ƙaramin haske a bayansa. Ki gwada wannan ko da wayarki yau za ki ga bambanci. Sauti kuma kada ki raina shi, mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan rauni amma in ba ya jin magana zai wuce. Allah ya sa albarka a abin da kika tara.

Tambaya: An ce fim ɗin The Creator da Sony FX3 aka ɗauke shi, ke nan in na saya zan samu irin hotonsa?

Amsa: Gaskiya ne, fim ɗin 2023 ne kuma da FX3 aka ɗauka. Amma ba a gaya maka lensin da aka ɗaura mata ba, da ƙwararrun masu haske, da waɗanda suka zauna suka gyara kala suka ƙara abubuwa da kwamfuta. Abin da wannan labarin ke nuna maka shi ne ƙaramar kyamara ba ta hana aiki. Bai ce tana yin aikin da kanta ba.

Tambaya: 4K ta ishe ni ko sai na nemi 6K ko 8K?

Amsa: Ta ishe ka har ta yi yawa. Alexa ta farko da ta fito a 2010 ko 4K ba ta kai ba kuma an haska abin da ta ɗauka a manyan silimu na duniya. Ka fi damuwa da yadda kyamara ke riƙe wuri mai haske da wuri mai duhu a lokaci guda. 8K faifan ajiyarka kawai za ta cika ta sa kwamfutarka ta riƙa tsayawa.

Tambaya: Wane lensi zan saya bayan mutum ya riƙa narkewa sosai? Na ji ana yabon Helios, kuma ina son baƙaƙen layukan nan na sama da ƙasa.

Amsa: Narkewar baya tana da kyau amma an fara wuce gona da iri. A f/1.4, wato ƙofar lensi a buɗe sosai, a babbar sensa in ka matso kusa, ido na cikin fokas kunne ya fita, ɗan wasa ya ɗan gusa ka rasa shi. Masu sana'ar da yawa a tsakanin 2.8 da 4 suke zama don mai kallo ya san a ina labarin ke faruwa. Helios 44-2 tsohon lensi ne na Tarayyar Sobiyet, 58mm f/2, sai ka nemi adaftar M42 da za ta haɗa shi da kyamararka, fokas da hannu. Abin da ake so a wurinsa shi ne yadda yake murɗa baya, sai dai murɗawar a gefe-gefen hoto take, in sensarka ƙarama ce irin ta Pocket 4K ko GH5 ta yanke gefen, kuma 58 ɗin ya koma kamar 116, a cikin ɗaki sai ka manne da bango. Don haka kada ya zama lensinka na farko. In sensarka matsakaiciya ce, wato Super 35 ko APS-C, Sigma 18-35mm f/1.8 shi kaɗai zai yi maka yawancin aiki. Kowane tsohon lensi ka haska tocin waya ta cikinsa kafin ka biya, in ka ga wasu siraran zare kamar yanar gizo-gizo to fumfuna ce, ajiye shi. Baƙaƙen layukan kuma girman 2.39:1 ne, ba sai ka sayi lensin anamofik, mai ɗaukar hoto mai faɗi, ba, amma ka kunna layin jagora a allon kyamara tun wajen ɗauka, kada sai a editin ka ɗora su ka yanke wa mutane kai.

Tambaya: Na ɗauka da Log kamar yadda ake cewa, hoton ya fito fari-fat babu kala, da na gyara kuma sararin sama ya rarrabu layi-layi, inuwa duk yashi.

Amsa: Haka Log yake, saitin kala ne da aka shimfiɗa don a gyara daga baya, sai ka fara mayar da shi Rec.709, wato kalar da allo ya saba nunawa, da LUT (fayil ɗin sauya kala) na kamfanin kyamararka kafin ka taɓa komai. Layi-layin nan alama ce 8-bit kake ɗauka, mataki 256 kawai gare shi a kowace kala, 10-bit kuma 1024, in ka ja 8-bit da ƙarfi dole ya yage. Yashin kuma ƙarancin haske ne, Log ba ya son duhu, ka tsaya a ainihin ISO ɗin da kamfani ya ware masa ka ƙara fitila. In kyamararka 8-bit ce kawai to ka bar Log, ka zaɓi kala ta yau da kullum ka rage kaifi da ƙarfin kala kaɗan, ka daidaita haskenka tun a wurin ɗauka. Tarin LUT ɗin nan da ake tallatawa wai "kalar silima" kuma kada ka ba da ko sisi a kansu yanzu, sai ka iya gyara fatar mutum ta fito daidai da hannunka tukuna.