Rigar Sanyi Ko Gudummawar Biki? Amsa Ga Ɗan Katsina A Winifeg

Wani ƙanenmu ɗan Ƙofar Marusa, wanda ya tafi karatun digiri na biyu a Winifeg ta ƙasar Kanada cikin watan Agusta, ya aiko da tambaya. Ga ta a taƙaice:

"Yaya, barka da aiki. Tun da Oktoba ya kama, kowa a nan maganar sanyi yake yi. Ina da jaket da na saya a gwanjo a Babbar Kasuwa kafin in taho, da suwaita biyu. Na ɗan tara wani abu daga aikin dare da nake yi a wani sito, amma bikin ƙanwata a Disamba ne, kuma Hajiya ta sa rai da gudummawata. In sayi kayan sanyi ne, ko in tura kuɗin in daure? Ni fa ɗan Katsina ne, na san hunturu. Sannan an ce in dusar ƙanƙara ta sauka ana samun aikin kwashe ta a biya mutum a hannu, in shiga? Akwai kuma abokina da takardunsa suka ƙare a Amurka, yana so ya tsallako wurina da ƙafa, wai lokacin sanyi ba a sa ido sosai."

Ƙanena, barka kadai, Allah ya sanya alheri a bikin. Ka sayi kayan sanyi tukuna, abin da ya rage ka tura gida. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hunturun da kake taƙama da shi, wanda ke tara mu teburin mai shayi da sassafe muna karkarwa, yara na hura wutar kara a bakin titi, ma'auni bai cika sauka ƙasa da digiri 12 ko 13 ba a Katsina, kuma kafin hantsi rana ta gasa bayan kowa. A Winifeg, digiri 20 ƙasa da sifili daren Janairu ne na yau da kullum, 30 ma ba baƙo ba ne. Firizar da mai ƙanƙara ke daskarar da ruwan leda a cikinta, a 18 ƙasa da sifili ake saita ta. Ke nan tashar bas ɗin da za ka tsaya in ka tashi aiki da asuba ta fi cikin firizar nan sanyi. Dauriya ba ta da aiki a nan. Naman yatsa daskarewa yake yi, ko na jarumi ne ko na raggo.

Abu na farko da za ka koya shi ne karanta hasashen yanayi. Mu a gida leƙa sama muke yi, in hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin hazo sai masu jirgi su damu, mu kuwa mu ci gaba da harkarmu. Can hasashen shi ke gaya maka abin da za ka sa da lokacin da za ka fita. Ka sauke manhajar WeatherCAN ta hukumar muhalli ta Kanada, ka kunna sanarwarta. Lamba biyu za ka riƙa gani. Ta farko sanyin iskar gari ce a ma'auni, ta biyu kuma sanyin da fata ke ji in iska na kaɗawa, domin iska kwashe ɗumin jiki take yi. Ta biyun ce taka. Bisa jadawalin hukumar, in ta kai tsakanin 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Daga 40 zuwa 47, minti 5 zuwa 10 sun isa. Ka lissafa tafiyarka daga ƙofar gida zuwa tasha, ka ƙara jinkirin bas, ka gani ko kunnenka zai kai labari.

Akwai wata yaudara da ke cin baƙi. Ranar da ka buɗe labule ka ga sama garau, rana fes, sau da yawa ita ce ranar da ta fi kowace sanyi. Girgije ne ke tare ɗumin ƙasa, in babu shi ɗumin ya tsere sama cikin dare. Ga shi yankin fili ne shimfiɗaɗɗe, babu wani dutse da zai tare iskar da ke gangarowa daga ƙuryar arewacin duniya. Ranar da dusar ke sauka a hankali kuwa takan fi sauƙi. Saboda haka kada idonka ya yanke maka hukunci ta taga.

Gargaɗin kala-kala ne, amma biyu nake so ka ji tsoro bayan na tsananin sanyi. Ɗaya na guguwar dusa ne, wanda ake fitarwa in ana sa ran iska mai gudun kilomita 40 a awa ko fiye, ta hana gani bayan mita 400, har tsawon awa 4. A irin wannan ranar ake rufe manyan hanyoyi, mutum yakan ɓata tsakanin motarsa da gidan da ke gabansa. Ɗayan na ruwan sama mai daskarewa ne: yana sauka ruwa, yana taɓa ƙasa ko waya ko reshe sai ya zama gilashi. Shi ne ya karya turakun lantarki a lardunan Kebek da Ontariyo na Kanada a Janairun 1998, miliyoyin mutane suka zauna ba wuta, wasu har makonni. Hasashen kwana biyu zuwa uku abin dogaro ne, na bayan mako guda kuwa ka ɗauke shi a matsayin ishara kawai. Ka duba da daddare, ka sake dubawa kafin ka ɗaura takalmi. In tafiyar wajen gari ce, ka duba 511, shafin bayanin hanyoyi na lardinku na Manitoba, don halin hanya.

Jaket ɗin gwanjon nan ka ajiye shi, zai yi maka amfani a Afrilu. Yanzu kana buƙatar doguwar riga mai kauri da ke tare iska, mai hula a jiki, wadda ta rufe cinya. Ba lallai sabuwa ba, kuma ba lallai mai suna ba. Su ma suna da shagunan gwanjo, ƙungiyoyin ɗalibai da masallatai kan raba kayan sanyi, kuma ba abin kunya ba ne ka tambayi ofishin ɗaliban waje na makarantarku. A ƙarƙashinta hawa-hawa ake sawa: matsattsiyar riga da wando na ciki waɗanda ba sa riƙe gumi, sai suwaita, sai babbar rigar. Ka guji auduga a jikin fata. Singiletin da muka saba da ita tana shan gumi ta jiƙe, kai kuma mai ɗaukar kaya ne a sito, za ka fito da jiƙaƙƙiyar riga a ciki ta riƙa tsotse maka ɗumi. In kuɗin ba zai isa komai ba, fara da takalmi: but mai ɗumi, mai kaushin ƙasa, da ɗan sarari don safar ulu, domin matsattsen takalmi hana jini yawo yake yi. Safar hannu mai haɗa yatsu huɗu wuri guda ta fi mai rabe-rabe ɗumi. Hula ta rufe kunne, zanna bukar ta jira ranar Juma'a a cikin masallaci. Ka samu abin naɗe baki da hanci. Man kaɗanyar da Hajiya ta cusa maka a jaka kuwa yanzu za ka san darajarsa, don hita, na'urar ɗumama ɗaki, busar da fata take yi fiye da hunturu.

Likitoci kan ce fatar da ta daskare takan canza launi, amma a baƙar fata irin tamu ba kullum ake gani da wuri ba. Ka lura da ji: yatsa ko kunne ko kan hanci ya fara zugi, sai ya mutu ba ka jin sa, ka taɓa ka ji ya yi tauri. In haka ta faru ka shiga ciki nan take. Kada ka murza, kada ka kanga a wuta ko hita, don wurin ba ya ji, za ka ƙone ba ka sani ba. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, sannan asibiti. In kuma ka ga abokin aiki yana karkarwa, magana na harɗewa, yana neman ya kwanta ya yi barci a waje, ɗumin jikinsa ne ya faɗi, ka kira lambar gaggawa ta 911. Ka tabbatar tun yanzu inshorar lafiyarka ta ɗalibi tana aiki, katin yana aljihu. Kuma in ka yi alwala, ka goge hannu da fuska da gemu su bushe kafin ka fita. Batun shafa a kan huffi ka tambayi limaminku, ya fi ni sani.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne gawayi. Mun tashi muna ganin kaskon wuta a ɗakin tsoffi, ko a nan ma yana kisa, sai dai ƙofofinmu da tagoginmu na shan iska. Gidajen can a toshe suke ruf. In wuta ta ɗauke, kada ka kunna gawayi, ko murhun gashi, ko janareta a cikin gida ko gareji, kada ka buɗe obin na gas don ɗumama ɗaki. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri ne farkonta, barci ne ƙarshenta. A sanyin jihar Teksas ta Amurka na Fabrairun 2021, wanda hukumomin jihar suka ce ya kashe mutum 246, akwai waɗanda wannan iskar ce ta kashe su suna neman ɗumi. Ka duba ko akwai na'urar gargaɗinta a gidan da kake, in babu ka yi wa mai gida magana. Ka ajiye tocila, da fawabank a cike, da bargo, da ruwa da abincin kwana uku wanda ba sai an dafa ba. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino sun wadatar. In za ka bar gida na kwanaki, kada ka kashe hita don tsimin kuɗi, bututun ruwa zai daskare ya fashe, ɓarnar kuma tana iya hawa kanka.

Ba ka ce kana da mota ba, don haka a gurguje: in ka saya, tayar sanyi mai alamar dutse da dusa a jiki, da igiyar jona inji da lantarki kafin tayarwa, ba ado ba ne. Gada takan riga titi daskarewa. In ka maƙale a hanya ka zauna cikin motar, ka riƙa fita kana share dusar da ta toshe salansa kafin ka kunna inji. Ka kuma kiyaye ranakun da ake hana ajiye mota a titi don sharar dusa, in ba haka ba ka wayi gari an ja ta.

Aikin kwashe dusa halal ne, kuma akwai kuɗi, amma takardarka ce ma'auni. Tun Nuwamban 2024 ɗalibin waje awa 24 a mako yake da ita ta aiki a wajen makaranta lokacin da ake karatu, sai a hutun da makaranta ta tsara ne yake iya yin cikakke. Biyan hannu bai cire aiki daga lissafi ba. In sito ya riga ya cinye awanninka, shebur ɗin nan zai iya jawo maka asarar izinin karatu da na aikin bayan kammalawa, a kan kuɗin da bai kai na tikitin dawowa ba. Dokokin nan suna yawan canzawa, ka karanta sharuɗɗan da ke jikin takardarka da shafin hukumar shige da fice, kada ka dogara da hirar zauren WhatsApp. In hutun Disamba ya zo ka nemi kamfanin da zai rubuta sunanka, don in ka zame ka karye akwai mai ɗaukar nauyi. Dokar Manitoba ta ba ma'aikaci ikon ƙin aikin da ke da haɗari ga ransa. In za ka yi sharar, tura dusar ake yi maimakon ɗagawa, ana hutawa, don aiki ne mai matsa wa zuciya.

Abokinka kuwa, ka kira shi yau, ka ce masa kada ya soma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A Disamban 2016 wasu 'yan Ghana biyu sun tsallaka da ƙafa kusa da garin Emason, kudu da inda kake, sun rayu amma an yanke masu yatsun hannu. A Janairun 2022 iyali guda 'yan Indiya, miji da mata da 'ya'ya biyu, aka tsinci gawarsu a daskare 'yan taku kaɗan daga iyakar. Fili ne fetal, ba bishiya ba bukka, batirin waya kuma mutuwa yake yi da wuri a sanyi. Ko ya tsira ma, tun Maris na 2023 yarjejeniyar ƙasashen biyu kan masu neman mafaka ta game iyakar ƙasa gaba ɗaya, yawancin masu shigowa ta daji su nemi mafaka Amurka ake mayar da su, sai 'yan kaɗan da doka ta ware. Ya nemi lauyan shige da fice inda yake. Kai ma kada ka je ɗauko shi, kada ka tura wa mai tsallakarwa ko sisi, domin taka takardar za ka jefa a wuta.

Saura Hajiya. Kada ka yi mata ƙaryar ba a biya ka ba. Ka gaya mata gaskiya, ka faɗi abin da za ka iya turawa yanzu da abin da zai biyo baya in ka yi aikin hutu, tun da wuri, don a san yadda za a tsara kayan ɗaki. Ranar da dusar farko ta sauka ka kira ta ta bidiyo, ka nuna mata titi. Ban san uwar da za ta ga wannan ta ce a fasa sayen riga ba. Ka roƙe ta kuma kada ta ba wani kilishi ko man shanu ya kawo maka, ba a shiga da su, kuma duk abincin da aka ɗauko sai an bayyana shi a filin jirgi.

Daga Lahadin farko ta Nuwamba za a mayar da agogonku baya da awa ɗaya, tazararku da gida ta koma awa 7. Ƙarfe 9 na dare a Katsina ƙarfe 2 na rana ne a wurinka, ka gaya wa 'yan gida don kada a riƙa tashinka daga barcin bayan aiki. Zuwa ƙarshen Disamba rana sai bayan 8 take fitowa, wajen 4:30 ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk cikin kamar awa huɗu, sai ka tsara da ajinka da wurin aiki. Duhun nan yana sa kasala da ƙuncin rai, musamman ga mai aikin dare da zai iya yin mako bai ga rana ba. Ka tambayi likita ko mai kantin magani batun bitamin D, don baƙar fata ta fi saurin rasa shi a can. Juma'a kada ta wuce ka, ka nemi 'yan uwa Hausawa ku riƙa haɗuwa ko tuwo ne ku tuƙa. In ka tashi tura gudummawar, ka tura ta asusun Hajiya kai tsaye.