Amsa ga mai tambaya kan Cy Young da nasara 511

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, inda kake cewa ka ji ana ba masu jifa a wasan besbol kyautar Cy Young duk shekara, to wai shin wane ne shi, kuma nasara 511 da ake cewa ya yi gwaninta ce ta gaske ko dai zamaninsu ne wasan bai da wahala. Bari in faɗi abin da na sani, don ni a jihar Ohio ta Amurka nake zaune shekaru da dama, nan ne mahaifar mutumin, kuma yarona jifa yake yi a ƙungiyar yara ta unguwa, shi ya ja ni cikin wasan nan har na kamu.

Sunansa na yanka Denton True Young, an haife shi 1867 a wani ƙauye Gilmore, ɗan manoma ne, makaranta ma aji shida ya yi ya koma gona. Cy ɗin laƙabi ne, an yanko shi daga kalmar Turanci da ke nufin guguwa, ana ba da labarin cewa lokacin da ya je gwaji a garin Canton a 1890 jifansa ya farfasa katakon shingen filin, mutane suka ce kamar guguwa ta bi ta wurin. A shekarar nan ƙungiyar Cleveland Spiders suka ɗauke shi, bai ajiye ƙwallo ba sai 1911, kaka 22 ke nan.

Kafin in zo kan 511 ɗin sai ka fahimci aikin mai jifa tukuna, don wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ɗauka wasa ne kawai. Mutum ne zai tsaya tsakiyar fili ya riƙa wurga ƙwallo mai tauri da iyakar ƙarfinsa wajen mai riƙe da kulki, sau ɗari ko fiye a wasa ɗaya, kuma nauyin duk a kafaɗa da gwiwar hannu yake sauka. Yarona lokacin yana shekara 12 doka ce ba zai wuce jifa 85 a rana ba, in ya kai sai a cire shi ko da shi ke cin wasan, sannan sai ya huta kwanaki kafin ya sake. Duk da haka akwai shekarar da gwiwar hannunsa ta kumbura muka yi ta zarya wajen likita, wata biyu bai taɓa ƙwallo ba, wlh hankalina ya tashi sosai lokacin. Tun daga nan in na kalli alƙaluman Cy Young ba lamba nake gani ba, kafaɗar ɗan Adam nake gani.

Wasan besbol zango tara ne. Shi wannan bawan Allah ya fara wasa 815, a ciki 749 shi ya jefa tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya canje shi. Zango 7,356 ya jefa a rayuwarsa. Yau manyan taurari in sun yi zango shida sai a ce sun yi ƙoƙari a kawo wani, da yawansu shekara za ta fita ba su kammala wasa ko ɗaya ba. Ka ɗauka mutum ya ci wasa 25 duk shekara har shekara 20 a jere, 500 ya samu, da sauran 11 kafin ya kamo shi. Wanda ke biye masa a tarihi Walter Johnson 417 gare shi. Rabon da wani ya kai 300 ma tun Randy Johnson a 2009.

To batun ko zamanin ne da sauƙi, gaskiya kana da hujja ta wani ɓangaren, ba zan ɓoye ba. Musamman daga 1900 zuwa gaba ƙwallo ɗaya ake bugawa har ta yi baƙi ta yi laushi, ba ta tafiya nesa, saboda haka mai jifa yana iya tattalin ƙarfinsa ya adana shi sai inda ta ɓaci. Sannan abin da ke min ciwo, a lokacin ba a barin baƙaƙen fata su buga a manyan gasannin, sai 1947 da Jackie Robinson ya shiga, ke nan akwai gwanaye da Cy Young bai taɓa karawa da su ba. Kuma shi ɗin dai shi ne ya fi kowa shan kashi a tarihi, an ci shi sama da sau 300.

Amma ka tambayi kanka, ai ba shi kaɗai ba ne a zamanin, ina sauran? Da yawa sun yi tashe shekara biyar shida hannu ya mutu suka koma gida. A 1893 aka ƙara tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu da ƙafa biyar ta koma ƙafa 60 da inci 6, wadda ake kai har yau, wannan canjin ya kassara masu jifa da dama. Shi kuwa 36 ya ci a 1892, aka canja doka ya ci 34. Da ƙarfin jifan ya fara raguwa sai ya koma dogaro da saiti, inda ya nufa nan ƙwallo za ta je, ba ya ba mai bugu hanya kyauta. A 1901 ya koma Boston a sabuwar gasar American League yana shekara 34, shekarun da ake cewa mai jifa ya fara tsufa, sai ga shi ya ci 33 ya fi kowa a gasar. Shi ya yi jifan farko a World Series ta farko, wato karawar ƙarshe tsakanin zakarun manyan gasanni biyu, a 1903 da Pittsburgh, ya ci wasa biyu Boston ta ɗauki kofi.

Wasan da na fi so a labarinsa na ranar 5 ga Mayu 1904 ne da Philadelphia Athletics. Mutum 27 suka zo gabansa da kulki, 27 ɗin suka koma, ba wanda ya taka ko matakin farko, wato wurin da mai bugu ke fara rugawa in ya yi bugu, na ƙarshensu ma Rube Waddell ne, gwanin mai jifan ɗaya ɓangaren. Yana shekara 41 a 1908 ya sake yin wasan da ba wanda ya samu bugu mai kyau a kansa, karo na uku ke nan a rayuwarsa.

Ni abin da na ɗauka a sirrinsa shi ne gona. In kaka ta ƙare ba ya zama birni, gida yake komawa ya yi ta faskaren itace da aikin ƙarfi duk hunturu, kuma ba ya ɓarnar hannunsa wajen dogon ɗumama jiki kafin wasa. Duk wanda ya taso yana riƙe fartanya ya san irin ƙarfin da take sa wa a baya da ƙafafu, kuma masu horar da yarona kullum abin da suke nanatawa ke nan, jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu rakiya kawai yake yi.

Na taɓa kai yaron Newcomerstown, ƙaramin gari ne, akwai wurin shaƙatawa da aka sa wa sunan Cy Young da abin tunawa da shi. Bai mutu da dukiya ba, bayan matarsa ta rasu a 1933 wajen abokan arziki ya ƙarasa rayuwarsa yana 'yan aikace-aikace, ya rasu 1955 yana da shekara 88. Shekarar da ta biyo baya aka ƙirƙiro kyautar da ka ji, kuma wanda ya fara karɓar ta Don Newcombe ne na Brooklyn Dodgers, baƙar fata. Da farko mutum ɗaya ake ba, daga 1967 ne aka koma ba mutum biyu, kowace daga manyan gasannin biyu, American League da National League, da nata.