Tambayi Inna: Mun wuni a layin rigakafi, an ce tsohuwa ta wuce shekaru

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. Da aka zo rigakafin sanƙarau a garinmu, na fita tun hantsi bai yi ba da yara uku da uwar mijina. Muka tsaya layi har aka kira azahar. An yi wa biyu, ana zuwa kan autana aka ce ta ƙare, a dawo gobe. Ita kuwa tsohuwa aka ce ta wuce shekaru, alhali ita ce mai fama da mura da tari duk hunturu. Ƙanin mijina da ke Ingila ya ce can duk shekara ake yi wa tsofaffi allurar mura kyauta. Shin mu ɓoye mana ita ake yi? Daga wata uwa a Jega, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Sannu da tsayuwar rana, goyo a baya ga biyu a hannu. Na san wannan layin ta ɗaya ɓangaren, don na daɗe ina zaune bakin teburi da sirinji.

A 2017, da sanƙarau ya ɓarke a Zamfara, ina cikin waɗanda aka tura ƙauye. Irin ƙwayar cutar da ta zo a shekarar, wadda ake kira C, allurar da aka yi wa jama'a a baya ba ta tare ta, ita kuma mai tare ta a lokacin kaɗan ce a duniya baki ɗaya. Da safe za a ƙirga mana kwalabe a zuba a akwatin sanyi, a jera ƙanƙara a gefe. Allurar ba ta son zafi, tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta. Kafin la'asar sai ki taɓa robar ƙanƙarar ki ji ta zama ruwa, ga mata har bakin masallaci. Wata ta riƙe mini gefen hijabi tana cewa "Malama, ko rabi ce ki yi mashi." Ba a yin rabin allura, kuma ban da sauran kwalba. Har yau ina ganin fuskarta.

Akwai kuma abin da masu layi ba su gani. Irin allurar da take zuwa gari a kwalba, a dama ta da ruwanta, kamar ta ƙyanda, in an dama ta awa 6 ne iyakarta, abin da ya rage sai zubarwa. Shi ya sa wani lokaci za ki ga ma'aikaciya ta ƙi fasa sabuwar kwalba gab da tashi saboda yaro ɗaya. Ba na wanke kowa, akwai masu zuwa aiki a makare, akwai masu shigo da 'yan'uwansu ta bayan layi. Wannan kam ki kai ƙara wurin mai unguwa ko shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Batun tsohuwa, ba wulaƙanci aka yi mata ba. Sabuwar allurar sanƙarau da Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024, mai tare iri biyar na cutar, 'yan shekara 1 zuwa 29 aka ware wa a gangami, don su cutar ta fi kamawa. Ko da an yi mata, ba za ta taɓa murarta ba.

Ƙanin mijinki bai yi ƙarya ba, a Ingila duk wanda ya kai 65 ana yi masa kyauta kafin sanyi ya shigo. Amma waccan ta mura mai zafi ce, infuluwenza, mai kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ba majinar ƙurar hunturu ba. A nan ba ta cikin alluran da gwamnati ke rabawa kyauta, sai a wasu asibitocin kuɗi na manyan birane, sai kuma maniyyata da Saudiyya ke ba shawarar su yi ta. Kuma duk shekara ake sake ta don ƙwayar tana sauya kama. Mafi yawanta a cikin ƙwan kaji ake renonta, aikin wata shida. Ko a ƙasashen Turawa allura takan yi ƙaranci: da murar aladu, wani nau'in infuluwenza, ta zo a 2009, ƙwan bai ba da yadda aka zata ba, sai ga Amurkawa da 'yan Kanada cikin sanyi suna layi na awoyi, ana cewa masu ciki da ƙananan yara tukuna, ana mayar da saura gida.

Autanki ki mayar da shi, ki riƙa katinsa, ki isa kafin a buɗe akwati. In gangamin ya wuce, ki tambaya a asibitin unguwarku inda aka mayar da ragowar. Ita kuwa tsohuwa, tarin da ya haura mako biyu a kai ta a duba majinarta ko tarin fuka ne. Gwajin da maganin duka kyauta ne a asibitin gwamnati.