Ga ƙanina a Kaduna: da kilo ake sayar da haidurojin

Ƙanina, saƙonka ya iso. Ka ce ka kammala injiniyan sinadarai a ABU Zariya, kana zaune a Kawo, kana son zuwa Jamus digiri na biyu kan makamashin haidurojin, har ka tambayi nawa ake sayar da litarsa a nan Jamus don ka gwada da kuɗin fetur a gida. To, ba wanda zai sayar maka da lita. Kilo ake aunawa, a Jamus, a Japan, har a Amurka da ta riƙe galan ta ƙi saki.

Dalilin ka san shi tun aji biyu a jami'a. Iska ba ta da girman kanta, matsi da zafi ne ke yanke mata. Kilo ɗaya na haidurojin in ka bar shi a sake zai cika wajen lita 11,000. In ka matse shi zuwa bar 700 (bar ma'aunin matsi ne), yadda ake zuba wa ƙananan motoci, sai ya koma lita 25 ko kusa da haka. Wace litar mai mota zai biya ke nan? Nauyi kuwa ba ruwansa da hunturu ko bazara. Ai ko gas ɗin girki da ake cika muku a titin Kachia, kilo 12.5 kake biya, ba ka taɓa tambayar lita nawa ne ba.

A jikin famfo za ka ga H70 ko H35, wato bar 700 na ƙananan motoci da bar 350 na bas da manyan motoci. Tankin motar haidurojin Toyota Mirai na yanzu kilo 5.6 yake ɗauka, kuma kilo guda kan yi kilomita 100 ko fiye kaɗan. Ƙarfin da ke cikin kilon nan ya yi daidai da galan ɗaya na fetur irin na Amurka, wato lita 3.8. Da wannan za ka yi lissafinka.

Abin da nake so ka sa wa ido shi ne awon kansa, don nan aikin yake. Iskar nan kan ɗauki zafi idan tana shiga tanki, shi ya sa ake sanyaya ta har digiri 40 ƙasa da sifili, a ɗura cikin minti 3 zuwa 5, matsi na ta hawa. A haka ake so mita ta faɗi gaskiya. Mitar Coriolis ake sawa, mai auna nauyi kai tsaye, sannan iskar da ta rage a tiyo bayan an gama, aka sake ta, dole a cire ta daga kuɗin mai mota. Ƙa'idar awo ta ƙasa da ƙasa mai suna OIML R 139 ce ke tsara wannan, a nan kuma hukumar PTB da ke Braunschweig ce uwar ma'auni. Masu iya wannan aiki ba su da yawa.

Sai dai kar hotunan intanet su ruɗe ka. Motocin haidurojin kaɗan ne a titi, masu batir sun yi musu fintinkau. Shell ya rufe gidajensa na zuba wa ƙananan motoci haidurojin a Kalifoniya a 2024, a nan ma ana rufe wasu, hankali ya koma kan bas, tirela da masana'antun ƙarfe.

Da ni ne kai, kafin biza ta fito zan nemi inda ake zuba wa motoci CNG, wato matsattsen iskar gas, a Kaduna in koyi aiki, ko ba albashi. Shi a Najeriya da kubik mita ake lissafa shi, matsinsa bar 200, amma mitar irin ɗaya ce, ƙa'idar ma R 139 ɗin ce. Wata shida a can zai fi ƙawata takardarka a idon farfesa fiye da dogon bayanin buri. Ka kuma fara Jamusanci yanzu, sannan ka sanar da Baba tun da wuri cewa ofishin jakadanci zai nemi ganin kuɗin zaman shekara a rufaffen asusu, Yuro 11,904 a 2025. Ka gaishe min da Hajiya.