Ku Tambayi Anti: Na ɗauki bidiyon saurayi yana ba budurwa zobe a Gamji, yanzu ya zan yi da shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Ranar Lahadi na kai yara Ƙofar Gamji su ɗan sha iska, muna zaune kusa da tsohuwar gadar Lugard ɗin nan da aka ɗauko daga Zungeru ina ɓare musu gyaɗa, sai ga wani saurayi ya gaishe ni da ladabi ya ce Hajiya wayata ba caji, ki taimaka ki ɗauke mu bidiyo da taki ki turo min ta WhatsApp. Ni na zaci irin na yawo ne. Ina ɗaga waya kawai na ga ya durƙusa gaban yarinyar da suke tare, ya ciro zobe ya ce za ki aure ni? Wallahi Anti hannuna har rawa yake. Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka, can dai ta miƙa hannu, mutane suka hau tafi, wata mai zoɓo har da guɗa, ni ma sai ga hawaye. Na tura masa ya yi godiya suka tafi. Da na ba Abban yara labari sai ya ɓata rai wai na taya su al'adar Turawa, ƙanwata kuma ta addabe ni in ba ta bidiyon ta sa a TikTok wai zai yi tashe. Na yi laifi ne? Wannan ya zama baiko? Kuma ya zan yi da bidiyon?

Daga wata uwa a Unguwar Rimi, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ni ban ga laifinki ba. An roƙe ki taimako kin yi, ba ki san abin da aka shirya ba, hawayen nan kuma na mai son alheri ne. Shi ma maigidan kar ki ja da shi, kishin al'ada ne ya sa shi magana kuma yana da gaskiyarsa.

Baiko kuwa a'a, bai zama ba. A wajenmu neman aure magabata ke yin sa. Yaro ya gama zance da yarinya sun fahimci juna, sai ya faɗa a gida, baffanninsa ko kawunnai su ɗauki goro da alewa su je wajen waliyyinta su ce sun gani suna so, a yi bincike, a ba su, sannan a zo maganar sadaki da sa rana da lefe. Shi sadakin Alƙur'ani ne ya wajabta shi a Suratun Nisa'i aya ta 4, mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya da muke bi rubu'in dinari. Aure kuma sai da waliyyi da shaidu da siga. To a cikin duk wannan ina zoben Gamji ya shiga? Alkawari ne tsakanin mutum biyu, yana da daɗi, amma in yaron bai tura manyansa ba har yanzu bai nemi aure ba, tambaya kawai ya yi.

Ni fa ban ƙi yaro ya ji ta bakin yarinya ba, hakan ma shi ne daidai. A Bukhari akwai labarin Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, Annabi (SAW) ya warware auren. Yardar mace ba abin wasa ba ce. Abin da ke damuna shi ne tambayar a gaban taro. Yarinyar da aka rena da kunya, ka tsaya mata a filin shaƙatawa mutane sun kewaye ku ga waya a kanta, ta yaya za ta ce a'a ko ta ce bari in yi shawara? Ina fatan kukan da kika gani na murna ne, sau da yawa ma hakan ne, amma daga ke har ni ba wanda ya san abin da ke ranta. Samari masu karanta mu, ku yi wannan tambayar a zaure ko falon gidansu inda za ta iya faɗin gaskiyarta.

Yanzu bidiyo, nan ne nake so ki buɗe kunne. Kar ki ba ƙanwarki. Amana ce a wayarki. Ba ki sani ba ko mahaifin yarinyar bai ma san da yaron ba, ko akwai wani da aka riga aka yi wa alkawari a gida, ko ta ce wa mamanta islamiyya za ta. Ki duba yadda zai kasance uba yana zaune a shagonsa a Kasuwar Barci wani ya miƙo masa waya ya ce Alhaji wannan ba 'yarka ba ce? Auren da zai yiwu sai ya lalace a ranar, kuma yarinyar ce za ta kwana a ciki, shi namiji kwana kaɗan an manta da nasa. In ma auren bai yiwu ba daga baya fa? Abin da ya hau intanet kamar ruwan da ya zube a ƙasa ne, wani ya sauke ya tura guruf, wani ya ɗora masa waƙa, masu zagi su yi ta yi a ƙasa, har manemi na gaba ya gani. Ko a dokar ƙasa, tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, hoton fuskar mutum kuma yana cikin bayanansa.

Tunda kina da lambarsa, ki tura masa saƙo da sanin maigidanki, ko ma shi Abban yaran ya kira shi, namiji da namiji maganar ta fi shiga. A tabbatar bidiyon ya isa, a yi masa fatan alheri, a ce masa in da gaske yake ya hanzarta tura manya kuma ya riƙe bidiyon har sai an ɗaura, ko a lokacin ma sai da yardar amarya. Daga nan ki goge naki, ki duba har cikin hirarku ta WhatsApp da wajen da waya ke ajiye abin da aka goge, dan nan ne yara ke tsinto abu in sun karɓi waya yin gem.