Gilashi mai kyamara don hawan Sallah a Garwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gilashi mai kyamara zai ɗaukar maka bidiyon hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo kana bisa doki, hannu ɗaya riƙe da linzami, ɗaya da mashi. Zai yi, amma akwai sharaɗi.

Na gwada irin masu arahan nan da ake sa wa katin memori. Batirin bai kai ni ƙarshen hawa ba, da doki ya fara sukuwa kuma hoton sai rawa yake kamar ruwa a ƙwarya. Gilashin da ake kira Ray-Ban Meta ya fi su daidaita hoto nesa ba kusa ba, kyamararsa megafiksel 12 ce, sai dai bidiyo ɗaya 'yan mintuna kaɗan yake yi ya tsaya, dole ka sake latsawa. Kuma yana da tsada.

Abin da ya fi damuna shi ne rawani. Idon kyamarar yana can gefen gilashin, ƙyalle ya ɗan sauko kaɗan, ka tashi da bidiyon farin yadi. Ka naɗa, ka gwada a gida tukuna. Kanka kyamarar take bi, ba idonka ba, don haka ka rage waige-waige. Ƙura kuwa, ka riƙa gogewa.

Don Allah kada ka toshe 'yar fitilar da ke nuna ana ɗauka, haƙƙin mutane ne su sani, musamman mata. In ka zo shingen jandarma ko na soja, cire shi ka sa aljihu.