Sabuwar tarakta na tsiyayar mai: ina mafita?

Malam, ka ce ƙaramar taraktar da ƙungiyarku ta saya a Haɗeja tana tsiyayar mai kusa da inji, dillali kuma yana ta yi muku hanya-hanya. Don Allah ku ajiye ta tukuna, dizal a kan inji mai zafi gobara ce.

Kada bakanike ya taɓa ta, in ya taɓa, dillalin zai ce ku kuka lalata. Ka kwafi lambar jikinta, ka ɗauki hoton inda man ke ɗiga, ka tambayi kamfanin da ya ƙera ta ko sun janye irinta daga kasuwa saboda aibi. In sun janye, galibi gyara kyauta ne.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ku damar mayar da kaya mai aibi. Dillalin ya ƙi karɓa? Ku kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da rasit a hannu.